Kafin Ka Sayi Murfin Bayan Hilux, Fara Tambayar Kayanka

 Kamar yadda muka saba, ga rubutaccen shirin wannan makon saboda waɗanda data ba ta bari su saurara ba.

Yau zancen mota za mu yi. Na san wani zai ce, "Kai da ko keke ba ka da shi, me ya haɗa ka da bayan mota?" Gaskiya ne, ba ni da mota. Amma ƙungiyarmu tana da wata tsohuwar Hilux mai ƙofa huɗu da wani bawan Allah ya ba mu, kuma ni aka ɗora wa kula da ita. Sannan na san da yawa cikinku kuna harkar kai kaya, wasu noma, wasu kuma motar gida ko ta wurin aiki ce a hannunsu. To bari in fara da abin da ya same mu, sai ku gane dalilin da ya sa na ware shiri guda a kan murfin bayan mota.

A watan Agustan bara muka yi karo-karo, muka sayi littattafan rubutu katan 12 da alli da 'yan buhunan garin masara, za mu kai wata makarantar ƙauye da ambaliya ta yi wa ɓarna, kafin yara su koma a Satumba. Muka loda, na ɗauko shuɗin tamfol ɗin nan marar kauri irin na shanya, na ɗaure kusurwa huɗu da igiya, na ce an gama. Ba mu yi awa ɗaya a hanya ba hadari ya haɗu. Iska ta shiga ta gaba, tamfol ya kumbura yana faf-faf-faf, zoben ɗauri guda ya ɓalle, gefe ɗaya ya yage. Gefen da bai yage ba kuma ya lotsa a tsakiya ya zama tafki, yana tsiyaya kai tsaye a kan katan-katan ɗin. Da muka isa, katan 5 sun jiƙe sharkaf, takardu sun manne da juna, garin kuma ya cure. Wallahi ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Shugaban makarantar dattijo ne, bai ce komai ba sai "Allah ya saka da alheri, za mu shanya." Da ma faɗa ya yi mini da ya fi mini sauƙi. Kuɗin mutane ne fa, ciki har da ɗaliban da suka ba da ɗari biyar-biyar daga kuɗin abincinsu.

Da muka dawo, da zafina na shiga intanet. In za ku bincika, kalmar da ake rubutawa ita ce tonneau, asalinta Faransanci ce mai nufin ganga, kuma ita ce sunan da Amurkawa ke kiran murfin da shi. Na ga wani baƙi mai sheƙi na alminiyam, wanda ke naɗewa kamar ƙofar shago. Na ce shi ke nan, ko bashi ne sai mun ci mun saya.

Akwai wani dattijon direba a unguwarmu, ya yi shekaru yana jan a-kori-kura tsakanin kasuwannin ƙauye, Baba muke ce masa. Na nuna masa hoton a waya ina murna. Ya kalla, ya miƙo mini wayar, ya ce, "Ɗana, me kuke ɗauka a motar nan?"

Na ce, "Baba, kujerun roba, lasifika, janareta, dashen itatuwa, wani lokacin rago in ana hidima."

Ya ce, "To lissafa mini, wanne ne a ciki zai shige ƙarƙashin wannan murfin?"

Na yi shiru. Ashe kallon kitse nake wa rogo. Zurfin bodin Hilux bai cika rabin mita ba, wajen santimita 48 ne. Duk abin da ya fi haka tsayi, murfin da ke kwance a kan bakin bodi ba zai rufu a kansa ba. Kujerun da aka jera kan juna sun fi haka, babbar lasifika ta fi haka, ragon ma ba a magana. Ke nan a yawancin tafiye-tafiyenmu murfin a buɗe zai zauna, ruwa kuma ya yi abin da ya ga dama.

Daga ranar na fahimci cewa kowane murfi yana ba ka wani abu ne ya karɓe wani. Don haka bari mu bi su, mu ga me kowanne ke bayarwa da abin da yake karɓewa.

Mafi sauƙi shi ne mai laushi, na leda mai kauri da aka shimfiɗa kan siraran ƙarafa. Wani ana naɗe shi kamar tabarma zuwa bayan kan mota, wani ana ninke shi gida uku. Ba shi da nauyi, yawanci kilo 10 zuwa 15, mutum ɗaya zai ɗora ya cire. Mai naɗewar yana ba ka kusan dukkan bodinka idan ka naɗe shi. Yana tare ruwa, yana tare ido. Amma reza ɗaya ta ishe shi. Kuma ranar ƙasar nan ba ta wasa da leda. Wadda ba ta da inganci tana bushewa, ta tsattsage, ɗinkin ya saki.

Sai mai tauri da ake ninkewa, na alminiyam ko faiba, shi ma yawanci gida uku. Wannan wuƙa ba ta yi masa komai. Sai dai ku lura da wani abu da mai sayarwa ba zai yi saurin faɗa muku ba: da yawansu idan an ninke, kashi ɗaya cikin uku na bodin yana nan a rufe. Waɗanda ake iya miƙar da su tsaye kuma sai su tare gilashin baya, madubin tsakiya ya zama ado.

Na uku shi ne wanda ya tafi da hankalina, mai naɗewa kamar ƙofar shago. Kyau kam babu magana, kuma za ka iya tsayar da shi a rabi ko inda kake so. Amma idan ya naɗe, ina yake shiga? Cikin wani akwati da ke zaune a gaban bodi, kuma akwatin nan yana cin wajen santimita 25 zuwa 30 na tsawon bodin daga sama. Bodin Hilux mai ƙofa huɗu da ma mita ɗaya da rabi ne kawai. A mai ƙofa biyu, wadda bodinta ya kai mita 2.3, ba za ka ji zafin hakan sosai ba, amma a tamu kusan kashi ɗaya cikin biyar ne ya tafi. Sannan yana gudu ne a kan layin ƙarfe guda biyu, kuma akwatin yana da tiyo na zubar da ruwa. Ku yi tunanin yashin hanyar ƙauye da ƙaiƙayin masara a cikin layin nan da tiyon nan. In ba mai yawan wankewa ba ne kai, wata rana zai cije a rabi, ba gaba ba baya, tiyon ya toshe, ruwa ya koma kan kayanka.

Akwai kuma mai falle ɗaya na faiba da ake ɗagawa kamar but ɗin ƙaramar mota. Yana tare ruwa sosai saboda ba shi da gaɓoɓi, amma ranar da za ka ɗauko firij sai ka nemi mutum biyu ku kwance shi, ka kuma nemi inda za ka ajiye. Ban daɗe a kansa ba na wuce.

Sai babban yaya, wato rumfa mai tauri, wadda ke mayar da bayan motar kamar ɗaki, tsayinta daidai da kan mota, da tagogi da ƙofa. Wannan ta yi ƙarfi sosai a Afirka ta Kudu da Ostireliya da Tailan; Carryboy da kuke gani a jikin wasu motoci kamfanin Tailan ne, SmartCap kuma na Afirka ta Kudu. Ga mai gyaran sola, mai ɗaukar hoto, mai kai magani ko kayan shago, da wuya a samu abin da ya fi ta. Amma nauyi gare ta, daga kilo 70 zuwa sama da 100, kuma ba abin da za ka cire da safe ka mayar da yamma ba ne.

Zancen nauyin nan kada ku raina shi. Hilux tana ɗaukar wajen tan ɗaya, wato kilo 1,000, ya danganta da samfurinta. Amma lissafin nan ya haɗa da direba da fasinjoji da duk abin da ka ƙara wa motar. Ku biyar a ciki, a ce kowa kilo 70, an ci 350. Ka ɗora rumfa mai kilo 100, saura 550. Buhun shinkafa mai kilo 50 guda 11 ke nan, ba 20 da muke faɗa da baki ba. Abin da ya wuce haka sifirin da taya da birki ne ke biyan kuɗinsa.

To wannan ke nan game da ire-irensu. Tambaya ta biyu da Baba ya yi mini ita ce, "Wa kake gudu? Ruwa, ƙura, ɓarawo ko rana?" Na ce duka. Ya yi dariya ya ce babu wannan a kasuwa.

Mu ɗauki ruwa. Babu murfin da ke hana ruwa ɗari bisa ɗari, domin shi kansa bodin ba a ƙera shi kamar randa ba. Akwai tsaga a gefen ƙofar baya da ƙasanta, akwai ramuka a kusurwoyi. Murfi mai kyau yana tare mafi yawa, amma takarda da gari da siminti, ko da murfi, a ɗora su kan katako a naɗe da leda. Ga wani lissafi da ya ba ni mamaki: faɗin bodinmu mita ɗaya da rabi ne, tsawonsa ma haka. In aka yi ruwa mai milimita 40, wanda ba baƙon abu ba ne a Agusta, lita 90 ne ya sauka a kan bodin kaɗai. Lita ɗaya ta ruwa kilo ɗaya ce. Ke nan kusan nauyin buhun siminti biyu ne zai iya taruwa a tsakiyar tamfol ɗin da ba shi da tudu. Abin da ya ci littattafanmu ke nan. Duk murfin da za ka saya, duba ka ga ina ruwa zai bi ya sauka.

Ƙura kuwa ta fi ruwa wayo. Mutum zai kashe kuɗi ya sa murfi, ya shiga hanyar da ba kwalta da hunturu, ya buɗe ya tarar kayansa sun yi ja, ya ce an cuce shi. Ba lallai murfin ne da laifi ba. Mota idan tana gudu tana tsaga iska, sai a samu gurbi mai ƙarancin matsin iska a bayanta, ƙurar da tayoyin baya suka tayar ta riƙa murɗawa a wurin. Cikin bodin da aka rufe shi ma matsin iskarsa ya yi ƙasa, sai ya riƙa zuƙo ƙurar ta tsagar ƙofar baya kamar mai shan fura da tsinke. Maganin ba tsada: akwai robar da ake liƙawa a kewayen ƙofar baya ta toshe tsagar. A rumfa mai tauri kuma ana sa wata 'yar ƙofar iska da ke fuskantar gaba, ta riƙa tura iska mai tsabta ciki, matsin ciki ya fi na waje, ƙura ta rasa hanya.

A nan ina so ku ba ni hankalinku, don wannan ya wuce zancen kaya. Yadda bodi ke zuƙo ƙura, haka yake zuƙo hayaƙin salansa, tunda a nan baya salansar take. A cikin hayaƙin akwai kabon monoksaid, iskar da ba ta da wari ba ta da launi, ita ce dai wadda ke kashe iyalai idan aka kwana da janareta a cikin gida. A 1992 wasu likitoci a birnin Siyatil na Amurka sun wallafa rahoto kan yara 68 da suka yi wa maganin gubar wannan iska. Guda 20 a cikinsu a bayan a-kori-kura suka shaƙe ta: 17 a cikin rumfa mai tauri, 3 a ƙarƙashin tamfol. 15 sun suma, ɗaya ya rasu. Yanzu ku tuna yadda muke yi ranar biki ko ranar kasuwa idan ruwa ya sauko: a tura yara baya, a ja tamfol a rufe su ruf, a ce kada su jiƙe. Yaro ya yi shiru a ɗauka barci yake. Don Allah, murfi na kaya ne. Da ma zaman bayan mota haɗari ne ko a buɗe, to rufewar tana ƙara wani haɗarin da ba a gani.

Sai ɓarawo. Murfi mai laushi yana hana mai wucewa ganin abin da ke ciki, kuma wannan ma wani abu ne, don abin da ido bai gani ba zuciya ba ta cika ƙwallafa rai a kai ba. Amma tsaro na gaske sai mai tauri. Ga kuma tarkon: yawancin masu ninkewa ana buɗe su ne ta ƙasa, bayan an sauke ƙofar baya. Ke nan ƙofar baya ita ce makullinsu. Je ka duba taka. Hilux da yawa a ƙasar nan ƙofar bayansu ba ta da makulli ko kaɗan, musamman masu sakata biyu a gefe. Ka sayi murfi mai tsada ka ɗora a kan ƙofar da yaro zai buɗe da hannu ɗaya, ka ga an yi ba a yi ba.

Rana kuma, a Afrilu zafi yana haura digiri 40 a Kano da Sakkwato da Maiduguri. Baƙin murfi a rufe a cikin wannan rana tanda ne. Magani, dashen itatuwa, kaji, tumatir, tukunyar gas, jarkar fetur, duk ba wurinsu ba ne. Mu da muke ɗaukar dashe, wannan kaɗai ya isa ya sa in sake tunani.

Wani zai ce, "Ai an ce murfi yana rage shan mai." Yana ɗan rage turjiyar iska idan ana gudu a babbar hanya, amma ragin kaɗan ne, kuma nauyin mai taurin yana cinye wani ɓangare na ribar. A cikin gari, cikin cunkoso, ba za ka ga komai ba. Kada ka saya da niyyar mai zai mayar maka da kuɗinka.

In ka yanke shawarar wanda kake so, saura dacewa da motarka, kuma a nan mutane suka fi asara, musamman masu oda daga waje. Yawancin abin da za ka gani a shafukan Amurka an yi su ne don Ford F-150 da Tacoma da ire-irensu. Ba a sayar da Hilux a Amurka yanzu, kuma bodin Tacoma daban yake da nata. Ita kanta Hilux ɗin, samfurin da ya fito daga 2005 da wanda ya fito daga 2015 bodinsu ba ɗaya ba ne. Sannan a samfuri ɗaya ma akwai bodi iri biyu: mai sumul da hannun buɗewa a tsakiyar ƙofa, da mai ƙugiyoyin ɗaure igiya a waje da sakata biyu. Murfin wannan ba ya zama a kan wancan. In akwai ƙarfen ado a bayan kan motar, ko robar shimfiɗa da ta hau kan bakin bodi, su ma suna iya hana shi zama. Ɗauki tef ka auna ciki da ciki, tsawo da faɗi, ka ɗauki hoton bakin bodin da ƙofar baya ka tura wa mai sayarwa. In a gida za ka nema, ko Ƙofar Ruwa a Kano, ko Panteka a Kaduna, ko Apo a Abuja, ko Ladipo a Legas, tafi da motar a gwada a gabanka. Ka fi son wanda ake matsewa da maƙalai a kan wanda sai an huda bodi. In kuwa hudawar ta zama dole, a shafa fenti a ramin, in ba haka ba daga nan tsatsa za ta fara. Ka kuma gwada buɗewa da rufewa da kanka. A hanyoyinmu akwai shingayen bincike, kuma duk abin da aka rufe sai an ce buɗe mu gani. Murfin da zai ci maka minti goma a kowane shinge zai fita daga ranka tun a tafiyar farko.

To mu me muka yi? Baba ya ce in tuna Fijo 504 a-kori-kura, irin waɗanda aka riƙa harhaɗawa a Kaduna, da yayarta 404. Da ƙarafa masu lanƙwasa da tamfol a kai aka san su. A ƙasashen da ke jin Faransanci ma bashe ake ce wa irin motar, daga sunan tamfol ɗin. Ya ce mutanen da ba don rashin wayewa suka yi hakan ba, kayansu ne ya zaɓa musu.

Muka je wurin mai walda ya yi mana ƙarafa uku masu lanƙwasa, tsayinsu daidai da kan mota, waɗanda ake ɗaurewa da noti a kwance cikin 'yan mintuna. Muka sayi tamfol mai kauri irin na manyan motoci. Ana auna kaurinsa da giram a kowace murabba'in mita, na manyan motoci yana kamawa daga 600 zuwa sama, shi kuwa shuɗin da ya kunyata ni bai kai rabin haka ba. Araha dai ba ta ado. Mai ɗinkin tamfol ya yanka shi daidai da ƙarafan, ya ninka bakin, ya sa zobba kusa da kusa, ya bar labule a baya da ake naɗewa. Baba ya koya mini ɗauri: a fara da gaba, a ja shi ya sauka sosai a bayan kan mota yadda iska ba za ta samu baki ba, sannan a bi gefe da gefe ana ja har ya yi tsam, domin kaɗawar nan ta faf-faf ita ke yaga tamfol, ba ruwa ba. Don ƙananan kaya masu tsada kuma, makirfo da wayoyin lasifika da kayan gyara, muka sa akwatin ƙarfe mai kwaɗo, aka ɗaure shi da noti ta ciki.

Ba zan ɓoye muku ba, motar ba ta yi kyau a hoto ba. Abokaina har tsokana suke, wai na mayar da Hilux motar kasuwar ƙauye. Ƙura tana shiga, kuma ba ma barin kaya su kwana a ciki. Da kwamfutoci nake ɗauka ko kayan sola, da rumfa mai tauri zan saya in sa wa ƙofar baya makulli. Da kuma jakunkunan tafiya ne kawai da cefane, da mai ninkewa ya ishe ni.

A Satumba muka sake tara abin da ya samu muka mayar da katan 5 ɗin nan. Ruwa ya tare mu a hanya wajen rabin awa. Da muka isa, shugaban makarantar da kansa ya hau ya zura hannu cikin katan na ƙasa, ya zaro littafi ɗaya ya buɗe, sannan ya ce wa yara su zo su sauke.

A nan za mu dakata. Sai mun haɗu a shiri na gaba in Allah ya kai mu. Wassalamu alaikum.